Maƙiyan Kaji da Yadda Za A Tare Musu Hanya

Da wuya ka shiga gida a Kuje, ko Bwari, ko Kwali, ko Abaji, ba ka ga kaji suna tono a tsakar gida ba. Har a unguwannin da ke kewaye da birnin Abuja, irin su Kubwa da Lugbe da Karu da Dutsen Alhaji, inda fili ya yi wuya, za ka tarar an raɓa ɗan akurki a bayan ɗaki. Kaza ita ce dukiyar talaka ta kusa. Ita a ke kamawa in baƙo ya sauka, ita a ke kaiwa kasuwa in yaro ya kwanta ciwo ko ana bukatar kuɗin littafi, ƙwanta kuwa abinci ne mai gina jikin yara. Amma tambayi mai kaji, 'yan tsaki nawa kazarsa ta ƙyanƙyashe bara, nawa kuma suka girma, sai ka ji ya yi ajiyar zuciya.

Mu yi ɗan lissafi. Kazar gida ta kan yi kwanci kamar sau 3 a shekara, ta kan kwana 21 bisa ƙwai kafin ta ƙyanƙyashe. A ce ko wane kwanci ta fito da 'yan tsaki 10, watau 30 ke nan a shekara. In 3 kaɗai ke tsira a ko wane zubi, mai ita ya tashi da kaji 9. In kuwa 8 ke tsira, ya tashi da 24. Kaza ɗaya ce, amma ga bambancin kaji 15. Cuta tana da nata rabo cikin wannan hasara, maganinta kuwa allurar rigakafi ce. Abin da za mu duba a nan shi ne rabon da tsuntsaye da namun daji da macizai ke kwashewa.

Yawancin mutane in aka yi musu ɓarna sai su tashi da sanda da tarko da guba, suna neman kashe maɓarnacin. To, ko ka kashe ɗaya yau, gobe wani ya maye gurbinsa, don daji ba ya ƙarewa. Dabarar da ke ci ita ce ka san ko wane maƙiyi, ka san hanyar da ya ke bi da lokacin da ya ke zuwa, sa'an nan ka toshe masa hanyar.

Dalilin da ya sa maƙiyan suka yi yawa a nan

A cikin 1976 ne gwamnatin Janar Murtala Muhammed ta keɓe wannan yanki don ya zama Babban Birnin Tarayya, aka kuwa taso daga Legas a ran 12 ga Disamba, 1991. Kafin nan ƙasar gonaki ce da daji da duwatsu, inda Gbagyi da Koro da Gade da Gwandara da Bassa da sauran ƙabilu ke zaune. Watau birni ne ya tarar da namun daji a gidansu. Duwatsun Mpape da Ushafa da Bwari suna nan da kogunansu, kogin Usuma da na Gurara suna nan da kurminsu.

Ga kuma abin da gini ya kawo. Ko wace unguwa akwai kango wanda ba a gama ba, da fuloti wanda aka kewaye aka bar wa ciyawa, da tarin bulo, da juji. Damina a nan doguwa ce, tun daga Afrilu har Oktoba, ciyawa kan yi tsawo har ta shanye mutum. In rani ya shigo aka sa wa daji wuta, abin da ke cikinsa duk sai ya gudo wajen gidaje. Saboda haka mai kaji a ƙasar Abuja ba shi da watan hutu.

Masu zuwa ta sama

Shirwa ita ce ta fari. Ana gane ta da wutsiyarta mai baki biyu, kamar an cire tsakiyar da almakashi. Ta fi yawa a nan da rani, don in damina ta kankama da yawa su kan yi arewa. Tana son mahauta da juji da inda a ke ƙona daji. Ba ta iya ɗaukar babbar kaza, ɗan tsako ta ke so, ta kan sure shi a fili ta wuce, ba ta barin ko gashi.

Shaho kuwa kwanto ya ke yi. Sai ya laɓe cikin ganyen itace, ya faɗo kamar kibiya. Babban shaho ya kan kama har sagara. In ya kama ya kan fige ta a wuri ɗaya kafin ya ci, don haka a kan tarar da tarin gashi a gindin itace ko bisa katanga.

Hankaka ɓarawon ƙwai ne. In kaza ta yi ƙwai a fili ko a cikin ciyawa, ya kan jira ta tashi, ya huda ƙwan ya shanye, ya bar ɓawo. Ya kan ɗauki ɗan tsako na kwana ɗaya ko biyu.

Masu zuwa ta ƙasa

Muzuru da dare ya fi yawo. Ya kan ɗauki ɗan tsako ko matashiyar kaza ɗaya ɗaya, ya kai saƙo ya ci, ya bar fukafukai da ƙafafu. Tunku kuwa, wani irinsa da rana ya ke farauta, wani da dare. Jikinsa siriri ne, ya kan kurɗa ta kafar da ba ka zato, yana son ƙwai ƙwarai. Akwai kuma inyawara, mai kama da kyanwa, mai ɗigo-ɗigo a jiki da doguwar wutsiya mai zobe-zobe. Gwanar hawa ce, kazar da ta kwana bisa itace ba ta tsira daga gare ta ba. In ta shiga akurki ta kan kashe fiye da abin da za ta ci.

Karen da ba shi da mai shi, irin waɗanda ke bin juji, shi ma haka. Ya kan bi kaji da gudu, ya karya su, ya watsar. Ƙarfinsa ya isa ya yage raga marar ƙwari ko ya tona ƙarƙashin shinge.

Sai ɓarawo mai ƙafa biyu. Shi ba ya barin jini ko gashi, manyan zakaru ya ke zaɓa, ya fi kuwa zuwa gab da Salla ko Kirsimeti, sa'ad da kaji ke tsada.

Masu zuwa ta rami da kafa

Ɓera tsaba ce ta kan kawo shi, amma in ya saba da wuri sai ya fara shan ƙwai, har ya janye ɗan tsako daga ƙarƙashin uwa cikin dare. Gafiya ta fi son hatsi, amma ramin da ta tona shi ne ya kan zama hanyar wani. Guza ya fi yawa kusa da rafi da manyan kwatoci. Da rana ya ke zuwa, yana iya tono, yana iya hawa, ƙwai da 'yan tsaki duk nasa ne.

Gamsheƙa ta kan haɗiye ƙwai da 'yan tsaki, in kaza mai kwanci ta yi mata gardama ta sare ta. Da safe sai a tarar da kazar a mace bisa ƙwanta, ba wani rauni da ido ke gani. Mesa kuwa ta kan haɗiye babbar kaza ɗungum, wani lokaci cikinta ya hana ta fita ta inda ta shigo, a tarar da ita kwance a ciki. Kada kuma a raina kwarkwasa. Da damina in ayarinta ya bi ta akurki, 'yan tsakin da ke kulle ba su da wurin gudu.

Lura da wannan da kyau: tsabar da ta zube ita ke kiran ɓera, ɓera kuwa shi ke kiran maciji. Wanda ya bar dusa ta kwana a ƙasa, da hannunsa ya aika wa gamsheƙa goron gayyata.

Yadda za ka gane wanda ya zo

Da magariba, bayan ka kulle kaji, ka tankaɗe toka ko lallausan yashi kewaye da akurkin, faɗin taku ɗaya, ka shafe shi sumul. Da asuba ka zo ka duba kafin kowa ya taka. Sawun muzuru kewayayye ne, ba alamar farata, don yana maƙale su in yana tafiya. Na kare ya fi girma, da alamar farata a gaban ko wane yatsa. Na tunku ƙarami ne mai dogayen farata. Guza kan bar sawun ƙafafu dama da hagu, da layin wutsiya a tsakiya. Maciji kuwa layi ne kawai mai lanƙwasa.

Amma in ka ga kaji suna mutuwa ɗaya bayan ɗaya cikin kwanaki, suna rurrufe ido, suna koren zawo, wuyan waɗansu yana murɗewa, to, wannan aikin cuta ne, watakila wadda likitocin dabbobi ke kira Niyukasil, mai kashe kaji garke-garke lokacin hunturu. Sai ka nemi ma'aikacin dabbobi. Cibiyar binciken cututtukan dabbobi ta Vom, a Jihar Filato, tana yin maganin rigakafinta.

Ginin akurki

Akurki mai tsawon ƙafa 6 da faɗin ƙafa 4 ya ishi kajin gida 8 kwana. Ga sharuɗɗansa:

1. Wuri. A kafa shi kusa da ɗakin kwana, inda za a ji kukan kaji da dare. A nisanta shi daga katanga da reshen itace, don kada mai hawa ya diro bisa rufin.

2. Tsayi. A ɗaga shi bisa dirkoki, ƙafa 2 ko 3 daga ƙasa, yadda ido zai ga ƙarƙashinsa sarai, tsintsiya kuma ta shiga. Manoman wannan ƙasa sun daɗe suna ɗora rumbu bisa duwatsu saboda ɓera da laima, dabarar ɗaya ce. A yanka tsohon kwano a yi masa siffar mazurari, a kifa shi a jikin ko wace dirka, ɓera in ya hau sai ya ci karo da shi ya koma. Inda kwarkwasa ta yi yawa a tsayar da ko wace dirka cikin gwangwani, a zuba baƙin mai a ciki.

3. Raga. Nan ne mutane suka fi yin kuskure. Ragar nan mai sirarar waya da manyan idanu, wadda ta fi araha a kasuwa, kaza kawai ta ke hana wa fita. Ɓera da maciji su kan wuce ta idonta, kare kuwa ya yage ta. A nemi mai kaurin waya, wadda idonta bai wuce rabin inci ba. A buga ta daga ciki, a danne bakinta da siririn katako, don ƙusa kaɗai ba ta riƙe ta.

4. Kafa. In an gama, ka bi jikin akurkin da ɗan yatsanka, sama da ƙasa, har tsakanin bango da rufi. Duk inda ƙaramin yatsa ya shige, maƙiyi zai shige. A toshe da katako ko siminti ko raga. Tsumma da kwali da leda ba su tare ɓera.

5. Iska. Kada tsoron maƙiyi ya sa ka rufe akurki ruf. Zafin Maris a Abuja ya isa ya kashe kaji a ɗakin da ba iska. A yi taga a ɓangarori biyu masu duban juna, a rufe su da raga.

6. Ƙofa. Ta zauna daidai cikin gurbinta, da sakata sama da ƙasa, don kada a tura kusurwa a kurɗa. Dutse ko bulo da a ke jinginawa ba ƙofa ba ce. Saboda mai ƙafa biyu kuwa, a sa kwaɗo.

Wanda ba shi da halin sayen katako, akurkin laka ma yana yi, in an gyara shi. A daɓe ƙasansa da siminti ko tsakuwa don hana tono, a huda masa ƙananan tagogi a liƙa raga, a yi masa ƙofar katako, a riƙa yaɓe duk inda ya tsage, tun ba bayan damina ba.

In za a yi wa kaji shingen shan iska na rana, a binne gindin ragar zurfin ƙafa 1. Inda ƙasa ke da dutse, kamar yawancin Mpape, sai a lanƙwasa ragar a shimfiɗa ta waje, faɗin ƙafa 1 da rabi, a danne da duwatsu. Mai tono a gindin shinge ya ke fara tono, in ya ci karo da waya ba ya tunanin ja da baya ya sake farawa. A rufe saman shingen da raga ko tsohuwar komar kamun kifi. Wannan rufi yana da riba biyu, don yana hana tsuntsayen daji sauka kan abincin kaji da ruwansu. Tun da murar tsuntsaye ta ɓulla a wata gona a Jaji, cikin Jihar Kaduna, a cikin 2006, likitocin dabbobi ke ta jan kunne a raba kajin gida da tsuntsayen daji.

Tsaron 'yan tsaki

Hausawa sun ce kaza mai 'ya'ya ita ke tsoron shirwa. Mako 6 zuwa 8 na farko su ne masu hatsari. Cikin wannan lokaci kada a saki uwa da 'ya'yanta su shiga ciyawa. A kifa musu babban kwando mai ƙananan idanu a tsakar gida, inda akwai inuwa, a danne shi da dutse, a ba su tsaki da ruwa a ciki. A riƙa matsar da kwandon kullum zuwa wuri mai tsabta. Ruwan a zuba a ƙaramin kasko marar zurfi, a sa 'yan tsakuwoyi a ciki don kada ɗan tsako ya nutse. Da dare a maida su akurki, don kwando ba ya tare maciji.

Waɗansu su kan shafa wa 'yan tsaki galura, don shirwa ta kasa gane su. Ba laifi, amma launin kan goge in sabon gashi ya fito, bai kuwa hana muzuru ko ɓera kome ba. Kwando ya fi.

In sun girma aka sake su, a tabbata akwai wurin fakewa a tsakar gida, ko ɗan ƙaramin rumfa, ko itacen lemo mai duhuwa. A bar zakara ɗaya cikin garke, don shi ne mai gadi. In ya hango inuwa a sama ya kan yi wani irin kuka, nan take kowa ya nemi maɓoya. A tuna kuma, kajin gidan gona, ko na nama ko na ƙwai, ba su da wayon kazar gida, ba su da saurinta. Masu jikin nan farare ana hango su daga nesa. Su kam kada a sake su sam.

Aikin ko wace rana

Akurki ko na ƙarfe ne, in an manta ƙofarsa a buɗe, daidai ya ke da babu. A ƙirga kaji, a kulle su kafin duhu ya yi, kada a buɗe sai gari ya waye sosai. A saba musu da ɗan hatsi da yamma a bakin akurki, da kansu za su riƙa dawowa, su daina kwana bisa itace. A kwashe ƙwai sau 2 a rana. A ɗauke sauran abinci da yamma, a share wanda ya zube. Dusa da masara a ajiye su cikin duro mai murfi. A nome ciyawa kewaye da akurki, faɗin taku 5 ko fiye, a kawar da tarin bulo da itacen wuta da tsofaffin tayoyi.

Game da shinkafar ɓera da sauran guba, gara a guje su. Kaza kan tsince ta, yaro mai rarrafe kan kai baki, kyanwar da ta ci mataccen ɓeran ita ma ta mutu. Tarko ya fi, a ɗana shi cikin akwati mai ƙaramar kafa inda kaza ba ta kaiwa. Farar mujiyar nan da ke kwana cikin silin da kangaye, wadda yara ke jifa saboda camfi, ɓeraye ta ke ci, ɗaruruwa a shekara. A ƙyale ta, taimakonmu ta ke yi.

In maciji ne

Nan maganar ta wuce ta kaji, ta zama ta rai. Kada a aiki yaro ɗauko ƙwai cikin duhu, kada kowa ya zura hannu inda idonsa bai gani ba. A haska tocila tukuna. Gamsheƙa tana feshin dafi, tana auna ido daga nisan ƙafa 6 ko fiye. In ka gan ta a akurki ka ja da baya, ka kori yara, ka kira waɗanda suka san aikin. In dafi ya shiga ido, a wanke nan da nan da ruwa mai yawa, a daɗe ana wankewa, sa'an nan a tafi asibiti.

In sara ne, kada a tsaga wurin, kada a tsotsa, kada a ɗaure tamau. A cire zobe ko munduwa tun kumburi bai zo ba, a hana mutumin tafiya da ƙafarsa, a ɗauke shi zuwa babban asibiti ba tare da tsayawa ko'ina ba. Allurar kashe dafi ita ce magani, irin wadda a ke yi wa mutane a asibitin saran maciji na Kaltungo, cikin Jihar Gombe. A cikin 2017 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa saran maciji cikin jerin cututtukan da aka daɗe ana yi wa riƙon sakainar kashi. Ya kamata ko wane mai kaji ya tambaya tun yau, wane asibiti ne kusa da shi ke ajiye wannan allura.

Rabon malami

Ku da ke karatun malanta, ko a Zuba ko a wata kwaleji, yawancinku ƙauye za a tura ku, kuma kusan ko wane yaro da zai zauna gabanku akwai kaji a gidansu. Sau da yawa ma yaron ne ke kulle su. Ku nemi izinin shugaban makaranta ku gina akurki ɗaya tare da yara. Awon katako da raga darasin lissafi ne, duban sawu cikin toka darasin sanin halitta ne. Ku ba ko wane yaro shafi guda a littafinsa, ya rubuta ranar da kazar gidansu ta ƙyanƙyashe, da yawan 'yan tsakin, da ranar da ko wane ya ɓace, da abin da aka gani a wurin. A ƙarshen zango a tara lissafin a allo, ajin zai gane da kansa wane maƙiyi ne ya fi ɓarna a garin, da watan da ya fi zuwa.

Iyaye ba safai su kan karɓi sabuwar dabara don an faɗa musu da baki ba. Amma ran da suka ga kazar makaranta tana yawo da 'ya'ya 8 da suka girma, tasu kuwa da 2, da kansu za su zo su auna akurkin.